Na tarar da liman ya yi nisa da salla: yaya zan lissafa raka'o'in da suka rage mini?

Wani matashi mai aikin kanikanci a Suame Magazin, nan Kumasi, ya aiko da tambaya kamar haka: "Allah ya gafarta malam, sau da yawa aiki yakan riƙe ni, kafin in wanke baƙin mai in yi alwala an riga an yi nisa da salla. Idan liman ya sallame na tashi cikawa, sai in rasa inda zan zauna da inda zan karanta sura. Ran nan a Magariba na ga wani ya yi zaman tahiya har sau uku, na ɗauka kuskure ya yi. Kuma idan na manta sujada ɗaya, sake sallar zan yi daga farko?"

Ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Mutumin da ka gani ya zauna sau uku a Magariba daidai ya yi, zan kuma nuna maka dalili. Amma sai mun faro daga tushe, domin duk tambayoyin nan naka amsarsu tana wuri guda: ka san mece ce raka'a, ina ta fara, ina ta ƙare. Bayanin zai tafi ne bisa mazhabar Imamu Malik, wadda galibin masallatan zangonmu ke bi, wadda kuma ake karantar da yara a littafin Ahalari. Inda wasu malamai suka saɓa a kan abin da zai shafe ka, zan ambata.

Raka'a ita ce tubalin da aka gina salla da shi. Tsayuwa ce da karatun Fatiha, sai ruku'u, sai ɗagowa a miƙe, sai sujada, sai zama, sai sujada ta biyu. Da ka ɗago kai daga sujada ta biyu, raka'a ta cika. Ruku'u ɗaya, sujada biyu. Sunan raka'a ma daga ruku'u aka ciro shi, ruku'un kuma shi ne ma'aunin da ake gane mutum ya sami raka'a ko ta wuce shi. Asuba raka'a biyu ce, Azahar huɗu, La'asar huɗu, Magariba uku, Isha'i huɗu. Jimla raka'a 17 a yini, da sujada 34. Ranar Juma'a, wanda ya halarci masallaci tasa 15 ce, tunda biyun Juma'a sun tsaya a madadin huɗun Azahar.

Zaman tahiya ba ya cikin jikin raka'a, a bayanta yake zuwa, kuma ƙa'idarsa gajera ce: ana zama bayan raka'a ta biyu, ana zama bayan ta ƙarshe. A Asuba ta biyun ita ce ta ƙarshe, shi ya sa zama ɗaya ne. Sauran salloli huɗun kowacce tana da zama biyu, wato tara ke nan a yini. Karatu ma yana da tasa ƙa'idar. Raka'o'i biyun farko Fatiha da sura, abin da ya biyo baya Fatiha kaɗai. Ana bayyana karatu a Asuba da Juma'a da biyun farko na Magariba da Isha'i, ana asirta sauran. Sai dai asirtawa ba karatu a zuci ba ne. Mafi ƙarancinta harshe ya motsa. Wanda ke salla shi kaɗai ya rufe baki gum yana bin Fatiha da tunani, bai karanta ba, raka'arsa kuma ba ta tsayu ba. Idan a bayan liman kake, shi ya ɗauke maka Fatiha: ka saurara inda ya bayyana, ka karanta a hankali inda ya asirta.

Kabbarori kuwa, kowace raka'a tana da biyar: ta ruku'u, ta sauka sujada, ta ɗagowa, ta komawa, ta sake ɗagowa. Ka ƙara kabbarar harama, da ta tashi daga zaman farko a sallar da ke da shi. Asuba 11, Magariba 17, kowace mai raka'a huɗu 22, duka 94 a yini. A cikinsu biyar ne kawai farilla, wato kabbarar harama ta kowace salla. Sauran sunna ne.

Wannan bambanci tsakanin farilla da sunna shi ne abin da ya kamata ka riƙe da kyau, domin gyaransu ba iri ɗaya ba ne. Farillan salla a lissafin Ahalari 14 ne: niyya, kabbarar harama da tsayuwa dominta, Fatiha da tsayuwa dominta, ruku'u da ɗagowa daga shi, sujada a kan goshi da ɗagowa daga ita, daidaituwa, natsuwa, jerantawa, sallama da zaman da ake yin ta a cikinsa. Sura, bayyanawa da asirtawa, tahiya, zaman farko, "sami'allahu liman hamidah" da sauran kabbarori duk sunnoni ne. Sunna idan ta kuɓuce da mantuwa, sujadar rafkanuwa tana ɗinke ta. Farilla kuwa ba abin da ke ɗinke ta sai an zo da ita kanta.

Cikin farillan nan, biyun da aka fi zalunta su ne daidaituwa da natsuwa, musamman a ƙananan masallatan bakin kasuwa da wuraren aiki, inda mutum ya baro kaya ko mai jira. Daidaituwa ita ce idan ka ɗago daga ruku'u bayanka ya miƙe sosai kafin ka sauka, idan ka ɗago daga sujada ka zauna daram kafin ka koma. Natsuwa ita ce gaɓoɓi su tsaya cak na ɗan lokaci a kowane rukuni, gwargwadon faɗin "subhanallah" sau ɗaya. A ruku'u tafin hannu su kama gwiwa, baya ya shimfiɗu, kai kada ya rataya kada ya ɗaga. A sujada, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce an umarce shi ya yi ta a kan gaɓoɓi bakwai: goshi, ya kuma yi nuni ga hancinsa, da hannuwa biyu, da gwiwoyi biyu, da yatsun ƙafafu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya yi salla a masallaci ya zo ya gaishe da Annabi, sai ya ce masa ya koma ya yi salla, domin bai yi salla ba. Har sau uku. Da mutumin ya nemi a koya masa, abin da Annabi ya riƙa maimaita masa a ruku'u da sujada da zama shi ne "har ka natsu". Wanda ke salla kamar kaza na tsattsagar tsaba, lissafin raka'o'insa na iya cika alhali ko ɗaya ba ta inganta ba. Wannan ya fi tayar mana da hankali a kan ruɗewar lissafi, domin mai ruɗewa ya san yana da matsala har ya zo tambaya.

Yanzu ga maganar wanda ya makara, wanda malamai ke kira masbuƙi.

Da farko, kada ka zo da gudu. Hadisi ya ce idan an tayar da salla a zo mata da natsuwa, abin da aka riska a sallata, abin da ya kuɓuce a cika. Ka shiga sahu, ka yi kabbarar harama kana tsaye ƙyam, sannan ka bi liman a duk halin da ka same shi. A nan ne kuskure mafi tsada yake faruwa: mutum ya hango ana ruku'u, ya sheƙo, ya yi kabbara ɗaya yana sunkuyawa da nufin ta ruku'u ce. Wannan bai shiga salla ba tukuna, domin ƙofar shiga ita ce kabbarar harama. Ka yi ta a tsaye, ka ƙare ta a tsaye, sannan ka yi ta biyu kana sunkuyawa. Idan hannuwanka suka kai gwiwa liman bai ɗago ba, ka sami raka'ar duk da ba ka ji Fatiha ba. Idan ya riga ka ɗagowa, ta wuce. Idan kana kokwanto, ka samu ko ba ka samu ba, ka jefar da ita ka lissafa ta cikin waɗanda za ka rama. Idan kuma a sujada ko a zaune ka tarar da su, ka yi harama ka bi su haka nan. Kada ka tsaya ƙerere kana jiran su miƙe. Ladan sujadar yana nan ko da ba za a lissafa maka raka'ar ba.

Ba dole ba ne ka san raka'a ta nawa liman yake lokacin da ka shigo. Abin da za ka ƙirga ɗaya ne: ruku'u nawa ka yi tare da shi. Ka cire su daga adadin sallar, abin da ya rage shi ne bashinka. Kada ka miƙe sai ya sallame, kuma a masallacin da liman ke sallama biyu ka jira ta biyun.

Idan ka miƙe, ga ƙa'idar da za ta warware maka ruɗanin nan: a karatu ramuwa kake yi, a aiki kuwa gini kake yi. Ma'ana, wajen karatu za ka karanta abin da ya wuce ka yadda liman ya karanta shi, da sura da bayyanawa idan wurinsu ne. Wajen zama da tashi kuwa za ka ɗauki abin da ka samu tare da liman a matsayin farkon sallarka, ka ɗora a kai. Asalin wannan shi ne hadisin nan da na ambata ya zo da lafazi biyu, a wata ruwaya "ku cika", a wata "ku rama", sai Malik ya yi aiki da su duka, kowanne a muhallinsa.

Ɗauki Magaribar da ka tambaya. A Kumasi wajen ƙarfe shida take faɗowa duk shekara, daidai lokacin da ake rufe shago hanya kuma ta cushe, shi ya sa ita aka fi makara a kanta. Ka sami raka'ar ƙarshe kaɗai, ka zauna tare da liman, zama na ɗaya ke nan. Ya sallame, ka miƙe ka karanta Fatiha da sura a bayyane, daidai yadda za ka ji kanka na kusa da kai ya ji, ba tare da ka ruɗa masu cikawa a gefenka ba. Ka yi ruku'u da sujada biyu. Yanzu raka'a biyu gare ka, don haka ka zauna ka yi tahiya, zama na biyu. Ka miƙe, Fatiha da sura a bayyane kuma, domin biyun da suka wuce ka duk masu sura ne, ka zauna na uku, ka sallame. Abin da ka ga mutumin nan ya yi ke nan. Wanda ya sami biyun ƙarshe na Magariba ma zama uku zai yi: biyu tare da liman, ɗaya bayan raka'ar da zai rama da Fatiha da sura.

Isha'i, idan ta ƙarshe kaɗai ka samu, uku ake binka. Ta farko Fatiha da sura a bayyane, ka zauna, tunda ta zama ta biyunka. Ta gaba Fatiha da sura a bayyane, ba zama, tunda ta ukunka ce. Ta ƙarshe Fatiha kaɗai a asirce, ka zauna ka sallame. Idan biyu ka samu, ka kawo biyu a jere da Fatiha da sura ba zama a tsakani. Idan uku ka samu, ɗaya da Fatiha da sura. Azahar da La'asar haka tsarinsu yake, sai dai komai a asirce. Akwai wani ƙaramin abu game da miƙewar: wanda ya sami raka'a biyu, ko wanda bai sami ko ɗaya ba sai tahiya, yana miƙewa da kabbara. Wanda ya sami ɗaya ko uku yana miƙewa ba kabbara, domin zaman da ya yi ba nasa ba ne, bin liman ne, kabbararsa kuma ya riga ya yi ta lokacin da ya ɗago daga sujada.

Za ka iya ganin wani a sahu ya sami raka'ar ƙarshe ta Isha'i, ya kawo ɗaya da sura, sannan biyu da Fatiha kaɗai. Wannan ra'ayin Imamu Shafi'i ne, wanda ya ɗauki abin da aka riska a matsayin farkon salla ta kowace fuska. Sallarsa ta yi, kada ka tsayar da shi a bakin ƙofa. Haka ƙabalu da sadalu, da karanta bisimilla a bayyane ko barinta, waɗanda ake ta ja-in-ja a kansu daga Aboabo har Asawase: babu ɗayansu da ke ƙara raka'a ko rage ta.

Juma'a tana da nata hukuncin, kuma mutane da yawa suna faɗawa ciki. Wanda ya sami ruku'un raka'a ta biyu ya sami Juma'a, sai ya ƙara ɗaya da Fatiha da sura a bayyane. Wanda ya zo bayan liman ya ɗago daga wannan ruku'un, Juma'a ta wuce shi, Azahar huɗu zai yi.

Sai tambayarka ta ƙarshe. Wanda ya manta sujada ba ya sake salla daga farko. Sujada farilla ce, don haka sai an zo da ita, amma yadda za a zo da ita ya danganta da lokacin da ka tuna. Idan ka tuna kana tsaye a raka'a ta gaba, ko ma kana ruku'unta ba ka ɗago ba, ka koma ka zauna, ka yi sujadar da ka bari, ka miƙe ka faro wannan raka'ar, ka yi ba'adi, wato sujadar rafkanuwa bayan sallama, saboda tsayuwar da ka ƙara. Idan dama ka riga ka yi zaman tsakani kafin ka miƙe, ba sai ka sake zama ba, kai tsaye za ka sauka. Idan kuwa ba ka tuna ba sai da ka ɗago daga ruku'un raka'a ta gaba, ƙofar komawa ta rufe. Raka'ar da ke da giɓi ta rushe, wadda kake ciki ta maye gurbinta, sai ka ƙara ɗaya a ƙarshe. Misali a La'asar ka bar sujada a ta biyu, ba ka tuna ba sai bayan ruku'un ta uku: ta ukun nan ta koma ta biyu, alhali ba ka karanta mata sura ba. An sami ragi ke nan tare da ƙari, don haka ƙabli za ka yi, wato sujadar rafkanuwa kafin sallama. Wanda ya manta ruku'u ya tuna yana sujada, ya miƙe tsaye, an so ya ɗan sake karatu, ya yi ruku'un, ya ci gaba, ya yi ba'adi. In kuwa a bayan liman abin ya same ka kuma ba ka sami damar cike giɓin ba, ka bi shi, bayan ya sallame ka kawo raka'a guda a madadin wadda ta lalace.

Ƙabli da ba'adi duk sujada biyu ne da kabbarorinsu, a yi tahiya bayansu a yi sallama. Ƙabli kafin sallama, saboda ragi. Ba'adi bayan sallama, saboda ƙari. In ragi da ƙari suka haɗu, ƙabli. Kowannensu yana da asali a aikin Annabi. Wata rana ya miƙe bayan raka'a biyu na Azahar bai zauna ba, ya ci gaba, ya yi sujada biyu kafin sallama. Wata rana ya sallame bayan raka'a biyu a sallar rana, sahabin da ake wa laƙabi Zul Yadaini ya tambaye shi ko an rage salla ne ko ya manta, sai ya cika biyun ya yi sujada bayan sallama. Daga nan ne malamai suka ce wanda ya manta zaman farko, in ya tuna hannuwansa da gwiwoyinsa ba su rabu da ƙasa ba ya koma, babu komai a kansa. In sun rabu ya wuce, ya yi ƙabli. Wanda ya manta sura har ya sunkuya, ƙabli. Wanda ya asirta a wurin bayyanawa, ƙabli. Wanda ya bayyana a wurin asirtawa, ba'adi. Kabbara ɗaya ko ƙunutin Asuba ba a yi musu sujada. Ba'adi in ka manta shi ka yi shi duk ranar da ka tuna, ko bayan shekara ne. Ƙabli kuwa sai in ka tuna nan kusa. In lokaci ya ja ko ka fita masallaci ya faɗi, kuma in sunnoni uku ko fiye aka bari, sallar sai an sake ta.

Kokwanto a adadi, uku na yi ko huɗu, ana gini ne a kan ƙarami: ka ɗauka uku ne, ka ƙara ɗaya. A mazhabarmu ba'adi ake yi. Hadisin Abu Sa'idil Khudri da Muslim ya ruwaito ya ambaci sujadar kafin sallama, wasu malamai kuma da shi suke aiki. Ko wanne ka yi sallarka ta inganta. Amma wanda kokwanto ya zame masa ciwo, kullum sai ya zo masa, shi hukuncinsa daban ne: ya yi watsi da shi, kada ya ƙara komai, ya yi ba'adi kawai. In ya ce zai biye wa waswasi, Azahar ɗinsa sai ta kai raka'a takwas.

Kai da kake yawan makara, ga inda makara da rafkanuwa suke haɗuwa, kuma a nan gizo ke saƙa. Idan liman ya yi ƙabli, kai kuma ka sami aƙalla raka'a ɗaya da shi, ka bi shi ka yi, ko da kuskuren ya faru kafin ka shigo. Idan ba'adi ya yi, kada ka bi shi. Ka miƙe ka cika naka, ka sallame, sannan ka yi ba'adin. Wanda ya bi liman ba'adi da gangan alhali ana binsa raka'a, ya ɓata sallarsa, domin ya cusa sujada biyu a tsakiyarta. Wanda bai sami ko raka'a ɗaya ba, ba ya bin liman ƙabli ko ba'adi. Rafkanuwar da ka yi ta sunna kana bayan liman, shi ya ɗauke maka. Wadda ka yi bayan ka miƙe cikawa, taka ce, ka gyara ta kamar mai salla shi kaɗai.

Tunda aikinku yakan kai mutum Accra sayen kayan gyara, ka san cewa tafiyar ta kai kimanin kilomita 250, ta ninka nisan ƙasaru, wanda ya kama kusan kilomita 80, wajen sau uku. Azahar, La'asar da Isha'i suna komawa biyu-biyu, Asuba da Magariba suna nan yadda suke, jimla raka'a 11. Kana fara ƙasaru ne bayan ka bar gidajen gari, kana kuma dainawa idan ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku. In ka shiga masallaci a Nima ko Sabon Zango ka bi limamin gari ka sami ko raka'a ɗaya da shi, huɗu za ka cika.

Baƙin man da ka ambata kuma, kada ya cinye maka raka'o'i a banza. Abin da ake buƙatar cirewa shi ne mai kaurin da ya yi ɓawo yana hana ruwa taɓa fata, har da wanda ya taru a gefen farce. Launin da ya kama hannu bayan ka goge da tsumma ka wanke da sabulu ba ya hana alwala. Ka ajiye sabulu da tsumma kusa da butarka, ka fara wankin tun ladan na kiran salla, kada ka bari sai an tayar da iƙama.